Tuƙina na Farko a Yanbu

Shekarar da maigidana Malam ya gama karatu a Madina, ya kwashe mu zuwa bakin teku a Yanbu, har da maƙwabciyarmu Hajja Batul. A can ake ba da hayar wata 'yar mota marar rufi mai manyan tayoyi, ta yawo kan rairayi. Malam ya hau, ta yi ta mace masa. Na tausaya masa, amma a raina na ce ai aikin ƙafa ne, ni kuwa ƙafata ta goge a keken ɗinki.

Wurin babu baƙon ido, sai na tattare abayata na ce, "Malam, a ba ni."

"Kin iya?"

"Ƙafar da ke ɗinka maka jallabiya ce fa."

Wallahi tashina ya yi kyau, ko gargada babu. Yaranmu na ihu suna zuga ni da Larabci, "Yalla Umma!" Har hannu na ɗaga musu. Da na zo tsayawa sai sabo ya yi halinsa: na ƙara danna ƙafa, hannuna na laluben kan keken da zan dafe. Motar ta zabura ta faɗa teku, ruwa har ƙugu, ina salati, ina riƙe da niƙabina gam.

Malam ya tsamo ni, kafaɗunsa na rawa don danne dariya.

Har yau in mun haɗu a Harami, Hajja Batul takan matso ta raɗa mini, "Ya ukhti, 'yar'uwata, yaushe za ki koma? Ina da saƙon dabino zuwa ga mahaifiyata, nan tsallaken tekun ne, Sudan."