Ranar da Na Nome Masarar Baba Audu

Ba zan taɓa mantawa da gayyar gonar Baba Audu ba, can bayan Tsiga, ina ɗan shekara sha biyar. Tsohon maƙwabcinmu ne, ciwon ƙafa ya kwantar da shi a daminar, ciyawa na neman cinye 'yar masarar da zai ci da iyalinsa. Shi ne mahaifina ya tara samarin unguwa, har da mai ganga.

Da farko lafiya lau nake nomana. Sai 'yan mata suka iso da kunu, cikinsu akwai Lami (wadda ko sunana ban tabbata ta sani ba). Mai ganga kuma, Allah ya yafe masa, ya zaɓi wannan lokacin ya ce, "Ɗan Malam Sule, mai hana ciyawa kwana!"

Wallahi ji na yi kaina ya yi zafi. Na duƙa da fartanya, ban ƙara ganin komai ba sai ƙarshen layi. Na wuce yayana, na wuce kowa. Ina jin ana ihu a bayana, na ɗauka kirari ne, na ƙara wuta.

Da na kai ƙarshe na miƙe ina haki, na juya don in karɓi yabo. Ganga ta yi shiru. Layina fes, babu ciyawa, babu masara. Duk na sare su tare. Lami ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Mahaifina ya karyo tsumagiya. Baba Audu, da ke zaune gindin ɗorawa, ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce, "Malam Sule, bar shi. Ƙarfi ne ya riga isowa, hankali yana hanya. Gobe ya zo mu sake shuka."

Da dukana aka yi, da ya fi mini sauƙi. Wannan layin bai yi abin kirki ba a shekarar, kuma har yau abin na ci mini rai.

Bayan shekaru wani abokina ma'aikacin asibiti ya gaya mini cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai son yabo yana riga mai taka birki nuna, shi mai birkin sai an wuce shekara ashirin. Na ce Baba Audu ya riga shi faɗa, ba tare da allo ba.

Makon jiya ɗana Bashir ya faɗa kwata da babur ɗina, a gaban 'yan makarantarsu. Na ɗaga hannu, sai layin nan ya faɗo mini. Na sauke. Nasa hankalin yana hanya. Nawa ma, da alama, ranar ya ƙaraso.