Barorin Kwamfuta da Sunan Jikana

Zuwa ga Mai Girma, Babban Shugaban kamfanin da ya tsara cikin kwamfutata, wanda ban taɓa gani ba amma mutanensa ke kwana a ɗakina.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babban mutum, ina fata iyalinka suna lafiya, kuma kowa a cikinsu yana amsa sunan da aka yi niyyar raɗa masa. Ni ce Esnart Msiska, gwauruwa, mazauniyar unguwar Chibavi a nan Mzuzu. Ɗana Wongani yana aiki a Johannesburg tare da matarsa Towera. Shi ya bar mini kwamfutar nan don mu riƙa ganin juna, tunda wayata ta madannai ce. Ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe, kuma zan faɗe su da ladabi, don haka aka rene ni.

Na ɗaya. Ina godiya da barorin da ka zuba mini a cikin injin ba tare da ka tambaye ni ba. Sai da Wongani ya nuna mini inda suke ɓuya na san da su. Ya ce sunansu hidimomi, suna aiki ne a bayan fage. Ranka ya daɗe, na riƙe gida, na san mai hidima. Mai hidima shi ne wanda in ka kira ya amsa. Naka kuwa da na kunna injin sai su riga ni shiga, su zauna, su cinye ƙarfinsa, su bar ni ina kallon wani ɗan zobe yana juyawa. Nakan ɗora nsima, tuwonmu na masara, in tuƙa, in kwashe, in dawo in tarar zoben bai gaji ba.

Na biyu. Na duba aikin kowannensu. Akwai mai jiran takardar bugawa, ni kuwa ba ni da injin buga takarda. Akwai mai kula da wasanni. Da wa zan yi wasan? Akwai mai tara taswirar garuruwa, ko da yake ban taɓa ɓata tsakanin gidana da coci ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai kai maka rahoton abin da nake yi, wai don a kyautata mini. A gidana, yaron da ya ɗauki zancen ɗaki ya kai waje, gulma muke ce wa aikinsa, kuma ba a ƙara masa miya a kai.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Towera ta haifi ɗa namiji. Tunda mijina ya rasu, raɗa sunan ya dawo kaina. Na zaɓi Lusungu, wato jinƙai, na ɓoye shi a raina ban gaya wa kowa ba. Ranar da aka sa, suka taru a ɗakinsu can, har da iyayen Towera, ni kuma na sa zanen coci na zauna gaban injin. Wongani ya ɗago jaririn ya ce, "To Mama, muna jin ki." Na buɗe baki ke nan, sai ɗaya daga cikin mutanenka ya ga lokaci ya yi da zai sabunta wani abu. Hoton ya daskare. Na faɗi sunan, babu wanda ya motsa. Na sake faɗa. Shiru. Da raina ya ɓaci na bugi tebur na ce, "Suzgo!" A yarenmu wahala ke nan. Ina taya ka murna, domin a daidai wannan kalma injinka ya farfaɗo, ya kai ta can garau, ba ko ƙaiƙayi.

Wataƙila a ƙasarku wannan abin dariya ne. A wurinmu Suzgo suna ne na gaske, ana raɗa wa yaron da ya zo cikin baƙin ciki, ko wanda kakarsa ke da magana a ciki game da uwarsa. Kafin hoton ya sake mutuwa na ga mahaifiyar Towera ta kama haɓa. An gaya mini ta ce, "Au, ashe 'yata ce wahalar gidansu? To mun gode, an faɗa a gaban mutane." Wongani ya yi bayani iyakar iyawarsa. Surukar tasa ta ce, "Kai ka ji inji ya taɓa ƙirƙiro magana? Abin da ke ciki ne ya fito." Tun ranar, in na kira, Towera tana wanka. Ban san mai jego da ke wanka irin nata ba.

Na huɗu. Na sallami barorinka. Wongani yana faɗa mini ta waya, ina kashe su ɗaya bayan ɗaya, ina barin na murya da na hanyar sadarwa. Kowanne na taɓa, sai injin ya tambaye ni ko na tabbata. Da za ka kawo su, wa ya tambaye ni ko na tabbata? Kuma me ya sa ka ba su sunaye masu kama da na magungunan asibiti, yadda tsohuwa ba za ta gane mai amfani da ɗan zaman banza ba? Duk da haka na gama, injin ya yi sauƙi kamar an sauke masa buhu. Sai ga shi bayan sabuntawa ta gaba rabinsu sun dawo sun zauna a wurarensu. Baƙon da aka raka bakin titi ya zagayo ta bayan gida, wannan ba rashin fahimta ba ne, rashin tarbiyya ne, kuma ba na ɗora laifin a kan yara. Ina ɗora shi a kan wanda ya rene su.

Ranka ya daɗe, ranar Lahadi mai zuwa za a yi wa yaron baftisma. Abin da fasto ya kira shi da shi ranar, shi zai bi shi makaranta, ya bi shi wurin neman aure. Towera ta yarda za ta zauna gaban kwamfuta kafin su fita coci, ta ji sunan daga bakina, ba ta bakin mijinta ba. Dama ɗaya ta ba ni, kuma ba na ganin laifinta. Na sake korar mutanenka jiya. Roƙona ƙarami ne: ka riƙe su a wurinka har Lahadi ta wuce. In suna da sharar da za su yi, su yi ranar Litinin kamar sauran masu aiki.

Shi kuwa sunan Suzgo, ni ba mai zubar da abu mai kyau ba ce. Ya riga ya fita daga bakin kaka a ranar suna, dole ya sami mai shi. Na duba duk wanda ya halarci taron, na ga kai kaɗai ka cancanta. Ka karɓa da hannu biyu.

Taka mai biyayya, mai durƙusawa har ƙasa duk da ciwon gwiwa,

Esnart Msiska,
Kakar Lusungu,
Chibavi, Mzuzu.