Rasuwar Doguwa, Eriyar da Ta Haɗa Garin Babban Mutum da Kicin ɗin Maijidda

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Dakta Mahdi Sabiru, likitan dabbobi, a madadin iyalina da direbana Audi da shanun ƙasar Daura baki ɗaya, nake sanar da rasuwar Doguwa, eriyar oba-obar motata, wato rediyon da nake kiran gida da shi. Tun da aka haƙa rijiyar Kusugu, masarautar nan ba ta taɓa samun abin da ya ɗauki maganar mutum ya kai ta nesa kamar marigayiyar ba. Wanda yake da ja a kan haka ya bari sai an share makoki.

Ta rasu ranar Laraba da la'asar, a ƙofar gidanta, tana tsakiyar aiki.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sana'ata bin rugage ce ina yi wa dabbobi allurar rigakafi, daga Sandamu zuwa Zango, daga Baure har Babban Mutum da abin da ke bayansa. A irin waɗannan wurare wayar salula ado ce kawai. Ko dai ta rasa sabis, ko ta tsallaka iyaka ta kamo na Nijar, ta turo maka saƙon barka da zuwa da Faransanci alhali kana tsaye a gonar ɗan ajinku na firamare. Hanyoyin kuwa rairayi ne da rani, kwazazzabai da damina, ga labaran da kowa yake ji. Uwargidana Maijidda ba ta cikin matan da ke tambayar ina za ka. Abin da take son sani shi ne ko za ka dawo. Don haka na sayo oba-oba biyu, ɗaya a mota, ɗaya a tagar kicin, na ɗaure eriyar ta gida a kan gora a saman tankin ruwa.

Ta motar ta zo da ɗan guntun eriyarta, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Sai dai mota akwatin ƙarfe ce, magana a cikinta kamar wa'azi ne a cikin randa. Muna wuce tasha muryata take ɓacewa, nisan da ko ihu na yi da ƙarfi za a iya jiyo ni. A wannan hali na rauni aka kawo Doguwa daga Kano, naɗe cikin kwali, siririya, miƙaƙƙiya, ta fi Audi tsawo ko da ya kafa hularsa ta zuwa Juma'a.

Marigayiyar ta kasance mai son ɗaukaka, kuma ta cancance ta. Wuri mafi tsayi a motar shi ne karagar katako da muke ɗora kulolin magani, can aka kafa ta. Amma eriya irinta tana bukatar shimfiɗar ƙarfe a ƙarƙashinta, in babu, rabin muryarta a banza yake zubewa. Na duba gidan kaf, na ga babu ƙarfe mai faɗi da ya dace da darajarta sai tiren silba na kayan ɗakin Maijidda, mai zanen furanni a baki. Na yi wa mai shi bayanin kimiyya dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Ta juya ta koma kicin. A jami'a an koya mana cewa idan aka gabatar da hujja ba a samu mai ja ba, hujja ta zauna. Aka huda tiren a tsakiya, Doguwa ta hau gadonta. A ranar muryata ta isa gida daga bayan Sandamu.

Daga nan sai ci gaba. Na rage tsawon wayarta, domin kowane taƙi na waya yana cin nasa rabon muryar kafin ta kai sama. Na kankare tsatsar mahaɗarta, na naɗe da salatif saboda ruwa. Na ja wa oba-obar wuta kai tsaye daga batir. Duk abin da aka yi mata sai ta saka da alheri: yau ta ƙara ƙauye ɗaya, gobe ta ƙara ruga biyu. Ban taɓa yi wa ɗan Adam hidima na ga sakamako da wuri haka ba, kuma na biya wa mutane da dama kuɗin makaranta.

Halayenta sanannu ne. Tana da kunya, duk reshen gawon da ta tarar sai ta sunkuya ta gaishe shi kafin ta wuce. Tana da haƙuri, ta sha rana, ta sha ruwa, balbelu sun mayar da tirenta makewayi, ba ta taɓa kai ƙara ba. Ba ta ƙarin gishiri, abin da aka faɗa shi take kaiwa, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wata tsohuwa a wata ruga ta taɓa tambaya ko sandar kiwon mota ce. Ban musa ba.

Muryarta ba za ta fita daga kunnena ba. Takan fara da ƙyat, sai shuuu mai tsawo kamar ana zuba gero a buhu, sannan duniya ta buɗe. Kullum bayan la'asar, duk inda muke, mukan nemi tudu mu hau, domin magana irin tata ba ta son abin da zai tare mata gaba. Sai in danna.

“Maijidda, Maijidda, Dakta ne, kina ji na? Oba.”

Shuuu. Ƙyat.

“Ina ji, Baban Rauda. A sa tukunya da kai?”

“Ki ce oba. Oba.”

“Na ce a sa da kai?”

Duk tsawon rayuwar marigayiyar, Maijidda ba ta taɓa cewa oba ba, kuma tambayarta ba ta taɓa sauyawa ba. Na ba ta labarin ciwon huhun shanu ta wannan eriya, na ba ta labarin farashin raƙumi a kan iyaka, na taɓa karanta mata ra'ayina kan tattalin arzikin ƙasa daga kan wata jigawa. Takan bari in gama tsaf, sannan ta tambayi zancen tukunya.

Sau ɗaya tak Doguwa ta kai muryar wani gida ba tawa ba, ranar da nake ƙarƙashin mota da shebur.

“Hajiya, Audi ne. Yallaɓai ya ce a gaya miki yana nazarin yanayin ƙasa.”

“Kun kafe ke nan.”

“Har gindi, Hajiya.”

“To, a sa da ku biyu, ko in bari?”

“A sa, Hajiya, don Allah a sa. Ni dai ko a ƙafa zan iso.”

Ciwon ajalinta ya samo asali daga kimiyya. A Babban Mutum akwai wata jigawa a bayan gari, sai mun hau ta, Audi ya yi ta gaba da baya har a dace, kafin gida ya ji mu, shi ma sama-sama. Na ga wannan bai dace da matsayin marigayiyar ba. Idan tudu ne ke ƙara mata nisa, me zai hana ta riƙa yawo da tudunta? Na kai motar wurin mai walda, aka tsayar da bututun ƙarfe a kan karagar, aka ɗora tiren a samansa, aka ɗora Doguwa a saman tiren. Na auna bututun. Na auna waya. Na auna rassan da ke hanyar Baure da ido, na auna wayoyin wutar da ke ratse da kasuwa. Daga wurin mai walda muka wuce aiki kai tsaye, motar tana tafe kamar masallaci da hasumiyarsa.

A ranar, daga tsakiyar garin Babban Mutum, a gaban teburin mai shayi, ba tare da hawa ko da shuri ba, na danna na kira, kuma aka amsa, tar kamar Maijidda tana bayan kujerata. An tambaye ni zancen tukunya. Na ce a sa, a kuma ƙara nama, domin yau ranar tarihi ce.

Gidana yana da ƙofar mota mai dakalin siminti a sama, wanda aka rubuta Masha Allah a jikinsa. Al'adarmu tun zuwan marigayiyar ita ce, in mun iso, Audi ya sauka, ya hau taya, ya lanƙwaso ta a hankali, ya ɗaure kanta da tsumma, sannan mu shiga. Ina so jama'a su shaida cewa a ranar ba a saɓa wannan al'ada ba. Audi ya sauka. Ya hau har kan karaga saboda ƙarin tsayi. Ya lanƙwaso ta da ladabi, ya ɗaure, ya dawo ya zauna, ya sa giya. Komai an yi shi bisa ƙa'ida. Bututun ƙarfe ne kawai ba ya lanƙwasuwa.

Ni kuwa a lokacin ina riƙe da oba-oba ina magana da Maijidda, wadda ke tsaye a tagar kicin muna kallon juna.

“Kin ji ni ɗazu? Daga cikin gari fa, ba kan jigawa ba. Oba.”

“Na ji. Baban Rauda, ƙofar...”

Wannan ce kalma ta ƙarshe da Doguwa ta ɗauka. Sai ƙarass. Ta karye daga tushe, ba ta sha wahala ba. Tiren ya tashi sama, ya sauka a kan gefensa, ya gangara layi yana ƙwal-ƙwal-ƙwal har bakin kwata, ya yi juyi uku don ban kwana, ya kwanta. Masha Allah ɗin ƙofa ya rasa harafi ɗaya.

Ta rasu ta bar oba-obar mota, wadda yanzu ba ta da abin cewa sai shuuu. Ta bar 'yar'uwarta ta kan tankin ruwa, tana tsaye a kan gora tana jiran kiran da ba ya zuwa. Ta bar waya mai tsawon kamu shida, da bututun da ya zama baka, da tsumman ɗaurinta, wanda Audi ya roƙa a bar masa. Ta bar tiren silba, yana raye amma ya lotsa, ya koma siffar ƙwarya mai huda a gindi, ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe murya. Ta kuma bar ni da Audi, waɗanda tun ranar muke muhawara a kan wanda ya kamata ya kalli sama.

Ranar Asabar dole muka fita babu ita, domin maganin rigakafi ba ya jiran makoki, ƙanƙarar kula tana narkewa. Da yamma ruwa ya sauko a bayan Baure, kwazazzabo ya cika ya raba mu da hanya. Ba wani abu ba ne, mun saba. Ardon rugar ya ba mu bukka da fura, muka kwana lafiya. Da la'asar ɗin dai na ga hannuna ya kai kan oba-oba da kansa, na danna, na ce Maijidda, sannan na tuna.

Mun iso gida da hantsin Lahadi. Na tarar da oba-obar kicin a kunne a kan taga tana shuuu, an ƙure mata murya. A gefenta langa biyu a rufe, tuwon jiya da ɗumamen safe, ba a taɓa ko ɗaya ba. Maijidda ta yi mana sannu da zuwa, ta kawo ruwa, idanunta sun yi ja. Ta ce hayaƙin itace ne. Gas muke amfani da shi, amma a matsayina na masanin kimiyya ban ga dalilin tsawaita bincike ba.

Game da jana'iza, limamin unguwa ya yi fatawa cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma mun karɓa. Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da hantsi daga gidana zuwa rumfar 'yan gwangwan da ke bakin kasuwa, inda za a ɗora ta a sikeli, ita da bututun. Audi ne zai ɗauke ta a kafaɗa, kuma an umarce shi ya sunkuya a ƙofa. Za a yi zaman makoki a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da addu'a kawai. Duk wanda ya zo da “ai da ka auna ƙofar”, za a nuna masa ita.

An riga an aika Kano a kawo magajiyarta, wadda aka ce ta fi ta tsawo, saboda haka za ta bukaci shimfiɗa mafi faɗi. Na yi niyyar amfani da wannan sanarwa in roƙi jama'a ko wani yana da babban tire da ba ya so. Na janye roƙon. Yau da safe na buɗe mota na tarar da babban tiren da Maijidda ke jera dubulan ɗin da take yi wa masu biki, an wanke shi, an goge, an jingine a kan kujerata. A tsakiyarsa daidai an ɗiga alama da gawayi, inda za a huda.

Don haka masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri, a faifai za a kawo musu dubulan.