Mushe Harouna da Jana'izar Zailani

Duk wanda bai san Mushe Harouna ba, bai san unguwar Talladjé ta Yamai ba. Mushe ɗin nan na Faransanci ne, ba na ungulu ba. Tsohon shugaban biro ne, wato ofis, a wata ministir ta gwamnati, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. 'Yan fadar shayi suna kiransa Gagaran Karatu, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Allah ya yi masa ilimi mai zurfin gaske, har bai taɓa buƙatar wani littafi ba bayan jerin labaran Zailani, yaron da ke hawan dorina yana yaƙar aljannun ruwa. Tun yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, yake maimaita su duk shekara, yana ja musu layi da jan alƙalamin biki.

"Ku ba za ku gane ba," haka yake ce wa 'yan fada. "Marubucin nan ya kashe jaruminsa a ƙarshe. Zailani ya nutse, shi ke nan. Wannan ita ce falsafa! Duk Yamai ni kaɗai na fahimce ta."

Da zaɓen shugaban ƙungiyar iyayen 'yan lakwal ya taso, Gagara ya ɗinka sabuwar shadda. Kujerar nan yake so kamar ransa, don tun da ya ajiye aiki ba wanda ya sake miƙe masa tsaye. Ya nemi a bar shi ya yi jawabi kafin a ɗaga hannu.

Ya yi jawabin kuwa. Ya kwatanta kansa da Zailani, mai sadaukar da rai don jama'a. Sai ya ce a kawo masa littafin ƙarshe ya karanta wa iyaye mutuwar. Madam Kadi, shugabar lakwal, ta miƙo masa sabo fil daga ɗakin karatu.

Ya karanta da rawar murya har ruwa ya rufe kan Zailani. Ya cire tabarau, ya share hawaye, ya ce, "A nan duniya ta yi shiru."

"Mushe, ai da saura," in ji Madam Kadi. "Juya shafin."

Ya juya. Ga babi guda cur. Ashe nasa tsohon kwafin, wanda ya saya a wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa, ba shi da bangon baya, kuma takardun ƙarshe sun daɗe da naɗe tsiren wani. Layin farko na babin ma cewa ya yi dorinar ta tsamo yaron da ransa, yana atishawa.

Ni dai har tausayi ya ba ni. Bawan Allah ya zauna a hankali, ya duƙufa kan littafin, leɓɓansa suna motsi.

Aka kira sunansa, aka ce masu goyon bayansa su ɗaga hannu. Ba a ga ko ɗaya ba. Nasa ma bai samu sukunin ɗagawa ba, yana can yana juya shafi.