Ranar da Na Amshi Yabon Bijimi

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar wata Asabar ce, ɗaurin auren ɗan abokina Malam Buba a rugarsu da ke bayan Chinade. Ni mutum ne mai tsari, don haka tun Alhamis na gama shiri: aski, guga, sannan turare. Da safe na zuba farar babbar riga, na kafa hula, na tsaya gaban uwargida ina gyaran murya.

"Malam, ka manta makullin babur," ta ce.

Iyakar abin da ta gani ke nan. (Rabon da ta ce na yi kyau, tun ina da gashi a tsakar ka.) Na fita da haushi, na ce yau sai na gane ko har yanzu ina kalluwa.

Na isa ruga da hantsi, na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, don kada zaman tabarma ya ɓata min guga. Ba a jima ba wasu mata suka ja suka tsaya daga nesa, suna duban wajena. Ɗaya ta ce, "Wooɗi." Wata ta amsa, "Wallahi wooɗi."

Duk da a Azare aka haife ni, Fillancina kalma uku ne kacal, amma wannan tana ciki: ya yi kyau. Da farko na janye tumbi. Sannan na karkata hula. Da na ga har dattawa sun fara nunowa suna gyaɗa kai, sai na ɗaga hannu kamar ɗan takara, na saki kalmata ta biyu da ƙarfi: "Mi yetti!" Wato na gode.

Wata tsohuwa ta matso, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausa, "Malam, naka ne?"

"Me?"

"Bijimin. In ba naka ba ne, ɗan gusa, ka tare mana."

Na waiwaya. Farin bijimin da za a yanka wa baƙi ne ɗaure a jikin tsamiyar, tozo kamar tulu, yana ma taunar gefen rigata. Malam Buba ya ce, "Ku yi masa uzuri, su biyun duk farare ne." Kalmata ta uku ta sallama ce, ban tsaya na faɗe ta ba.

A gida na kwashe duka na gaya wa uwargida. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ajiye min tuwo.

"To, shi kyakkyawan yanzu yana tukunya," ta ce. "Kai kuwa ga ka a gida. Ci kafin ya huce."

Tun daga ranar na gyara tsarina. In na ji ana yabo, abu na farko shi ne in waiwaya.