Faifai Mai Jan Biro

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo sabuwar kwamfuta makarantarmu a Argungu ba. A lokacin kwamfuta abin kallo ce, tsohuwar da ke ofis har mayafi ake lulluɓa mata. A cikinta sunan kowace ɗaliba yake, da ajinta, da makin jarrabawar da muka gama a makon. Ta daɗe tana tari, don haka Malam Bello mai kula da ita ya kwashe komai ya zuba a faifan disket, ya jefa a gwangwanin biskit kusa da faifan bara. Washegari ta mutu murus.

Ni Malam ya kira in riƙe gwangwanin, wai don ba ni da surutu (da ma mai surutun ya kira).

Injiniya ya zo daga Birnin Kebbi, ya haɗa wayoyi, ya ce a miƙo ajiyar a mayar cikin sabuwar. Daidai nan surukin Malam ya leƙo daga Gulma. Malam ya zura hannu ya ciro faifai, idonsa na kan baƙo. Ni kuwa idona na kan faifan: takardar jikinsa ta yi ja-ja, gefenta ya naɗe, rubutun da jan biro. Na bana da shuɗi aka rubuta shi. Na gani sarai.

Na buɗe baki, sai na ji, "Ina gajiya? Ina ruwa? Yaya shinkafa?" A gidanmu yarinya ba ta tsinka gaisuwar manya. Na ce bari su kai aya. Kafin a kai ga tambayar yara injiniya ya gama, ya ce, "Kawo tsohon nan in goge shi, mu yi sabuwar ajiya a kai." Da hannuna biyu, har da russunawa, na miƙa masa mai shuɗin biron.

Ran Litinin aka buga sakamako, ni ma ina ofis an aike ni. Hajiya shugabar makaranta ta duba, ta cire tabarau, ta sake dubawa. 'Yan aji ɗaya babu su gaba ɗaya. Wadda ta zo ta ɗaya a aji shida kuwa tuni ta gama, har mun ci sunan ɗanta. Malam ya tsaya gumi na zuba, Hajiya na zancen kai ƙararsa ma'aikata. Ban san lokacin da murya ta kuɓuce mini ba: "Ai na bara ne, mai jan biro."

Hajiya ta juyo ta dube ni.

"Ke ɗiyag ga, kin gani?" in ji Hajiya.

"Na gani."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Suna gaisawa da baƙo."

Malam ya zauna a kan gwangwanin ba tare da ya sani ba.

Aka ce a ɗauko takardun jarrabawa a sake shigar da maki, ashe masinja ya riga ya kai wa mai ƙosan bakin ƙofa, ta ƙunshe ƙosai da su. Haka makaranta guda ta sake zama jarrabawa saboda ladabina. Har na gama makarantar ba a daina harara ta a layin abinci ba.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma yanzu ko liman na gani da kunama a rawani, sai na faɗa kafin in ce ina kwana.