Fim Ɗin da Na Ƙarasa da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kusan jawo wa bawan Allah sunan macuci a Dutsin-Ma.

Ina sabon malamin firamare a Kurfi aka tura ni kwas Katsina, na shiga silima karo na farko, fim ɗin Indiya. Ana kai rabi barci ya kwashe ni, sai mai shara ne ya tashe ni. Da na dawo gida, 'yan majalisarmu suka ce in ba su labari. In ce barci na yi? Na ba da rabin da na gani, sauran na ɗinka da kaina: na kashe yarinyar, na haukata saurayin, na sa uban ya makance don kuka. Shekara huɗu ina bayarwa, kullum da ƙari (magidanta na share ƙwalla, ni kuwa ina hura hanci).

Sai kawuna Alhaji Sule ya sayi bidiyo don bikin ɗansa a Dutsin-Ma, ya sa Mista Obi mai shagon rediyo ya nemo masa wannan fim ɗin takanas, don shi ma ya sha jin labarin a bakina. Bayan la'asar aka tada janareta, aka zaunar da ni a gaba in riƙa bayani.

Rabin farko na yi ta zuba. Daga nan fim ya kama gabansa. Na ce, "Yanzu za ta mutu." Ta tashi ta kama rawa. Na ce, "A bari ta gama." Ta gama, aka ɗaura mata aure, uban da idonsa garau.

Alhaji ya juya ga Mista Obi. "Wanga ba shi ba ne. Na yarda da kai, ka kawo mani na jabu gaban baƙina?"

Mutumin ya yi ta rantsuwa, jama'a suka fara cewa kada a ƙara shiga shagonsa. Kunya da tausayi suka rufe ni, na miƙe gumi har cikin takalmi.

"Kawu, shi ne. Ni na yi barci a silima."

Can Alhaji ya ce, "To, wa ya kashe yarinyar?"

"Ni ne, Kawu."

Na dai gane cewa gyararren labari kan fi na asali farin jini. Har yau dattawan Kurfi na cewa nawa ya fi daɗi. Amma tun ranar, ko rasuwa na zo sanarwa, sai an tura wani ya gano.